Sharhi: Cancanta ko Daɗewa a Aiki? Darasin Dubai ga Ma'aikatun Gwamnati

Da safiyar ranar Lahadi 28 ga watan Agusta na shekarar 2016, wadda a wancan lokaci ita ce ranar farko ta makon aiki a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Sarkin Dubai, Shehu Muhammad bin Rashid Al Maktum, ya kai ziyarar ba-zata wasu ofisoshin gwamnati a birnin, inda ya tarar da kujerun manyan jami'ai da dama babu kowa a kansu, alhali kuwa ƙarfe bakwai da rabi, lokacin fara aiki, ya riga ya yi. Ofishin yaɗa labaran gwamnatin ne da kansa ya fitar da hoton bidiyon da ya nuna sarkin tsaye a cikin ofis, mai ofishin ko inuwarsa babu. Washegari sai aka ba da sanarwar yi wa manyan jami'ai tara na hukumar birnin Dubai ritaya. Sanarwar ta gode musu bisa hidimar da suka yi, ta kuma danganta matakin da bukatar bai wa sabbin jini damar riƙe ragamar aiki.

Labarin ya bazu a duniya, kuma bai rasa masu yaba masa ba a tsakanin Hausawa, musamman 'yan kasuwar Kano da Katsina da Maraɗi da ke zuwa unguwar Deira saro yadi da gwal da kayan waya, waɗanda suka saba ganin yadda ake sallamar mutum cikin 'yan mintoci a ofisoshin Dubai. Tambayar da akan ji a bakinsu ita ce, me ya hana a yi haka a gida? Tambaya ce mai nauyi, domin ta taɓo wata tsohuwar taƙaddama da ta daɗe tana cin ma'aikatun gwamnati a Nijeriya, wato idan gurbi ya samu, wa ya kamata a ƙara wa girma: wanda ya fi daɗewa a bakin aiki, ko kuwa wanda ya fi iya aikin? A gefe guda akwai ma'aikacin da ya yi shekara talatin yana bauta wa ƙasa, ya wayi gari yaron da ya koya wa buɗe fayil ya zama shugabansa. A ɗaya gefen akwai talakan da takardar filinsa ko fanshon mahaifinsa ta kwana shekara biyu a kan teburin wani babba da ba ya tsoron kowa, saboda ya san layi zai kawo kansa ko ya yi aiki ko bai yi ba.

Abin da masu yabon kan manta shi ne cewa ziyarar 2016 ta zo ne bayan kusan shekaru ashirin ana gina wani tsari na awon aiki. Tun a shekarar 1997, lokacin yana yarima mai jiran gado, Shehu Muhammad ya kafa shirin gasar nagartar aiki tsakanin ma'aikatun gwamnatin Dubai, inda ake auna kowace ma'aikata, a bayyana waɗanda suka yi zarra. Ana kuma tura wasu mutane a ɓoye su je ofisoshi kamar masu neman biyan bukata, su koma su ba da rahoton irin tarbar da aka yi musu da tsawon lokacin da suka jira. Dokar ma'aikatan gwamnatin Dubai mai lamba 27 ta shekarar 2006, da wadda ta maye gurbinta mai lamba 8 ta shekarar 2018, duk sun ɗaura ƙarin girma a kan sakamakon awon aikin ma'aikaci na shekara-shekara, tare da tanadin kwamitocin sauraren koke ga wanda yake ganin an zalunce shi.

A watan Satumba na shekarar 2019 Shehu Muhammad, a matsayinsa na Firayim Ministan tarayyar, ya fito fili ya bayyana cibiyoyin gwamnati biyar da suka fi kowa kyautata wa jama'a da kuma biyar da suka fi kowa lalacewa. Cibiyar bayar da katin shaidar ɗan ƙasa ta Fujaira ce ta zo kan gaba, yayin da wani reshen gidan waya a Sharja ya zama kurar baya. Aka ba ma'aikatan cibiyoyin da suka yi fice kyautar albashin wata biyu, aka kuma sauya shugabannin waɗanda suka gaza. A ƙarƙashin wannan ra'ayi ne aka naɗa Shamma Al Mazru'i ƙaramar ministar harkokin matasa a shekarar 2016 tana da shekara 22 da haihuwa, aka kuma naɗa Umar Al Ulama ƙaramin ministan fasahar ƙirƙirarriyar basira a shekarar 2017 yana da shekara 27. Muƙaman siyasa ne, amma saƙon da suka aika wa ma'aikata a fili yake: furfura ba za ta tsare wa kowa kujera ba.

Sai dai kuma duk wanda zai ɗauki darasi daga Dubai wajibi ne ya dubi ƙasar da wannan shuka ta tsiro a kanta. Dubai masarauta ce, maganar sarki ita ce ta ƙarshe, kuma dokokin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba su yarda da kafa ƙungiyoyin ƙwadago ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, yawancinsu kuma izinin zamansu na rataye ne a kan kwangilar aikinsu, saboda haka wanda aka tsallake a ƙarin girma ba kasafai yake da bakin ja-in-ja ba. Ban da haka, gwamnati na bin manufar fifita 'yan ƙasa wajen ɗaukar aiki da riƙe manyan muƙamai, abin da ke nufin cewa ita ma cancantar tana da shinge. Ga kuma albashi mai tsoka da baitulmali mai ƙarfi, waɗanda ke sa jami'in da aka yi wa ritaya ya koma gida ba tare da fargabar abin da iyalinsa za su ci ba. Tsarin da ya dogara ga idon mutum ɗaya yana tafiya daidai muddin mutumin na da himma da adalci. Ranar da aka rasa ɗayansu, ma'aikaci ba shi da wurin kai ƙara da ya fi ƙarfin wanda ya yanke hukuncin.

Nijeriya ta taɓa gwada irin wannan aski na gaggawa, kuma har yau tabonsa bai ɓace ba. A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma bisa zargin cin hanci da lalaci da gazawa da tsufa, sau da yawa ta hanyar sanarwa a rediyo, ba tare da an saurari bahasinsu ba. Jama'a sun yi ta tafi a lokacin, kamar yadda aka tafa wa Sarkin Dubai. Amma masana tarihin aikin gwamnati da dama sun yi ittifaƙi a kan cewa daga nan ne ma'aikacin Nijeriya ya daina yarda cewa gaskiya da ƙwazo za su kai shi ga ritaya cikin mutunci, wasu kuma suka ɗauki darasin cewa gara mutum ya tara abin da zai tara kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Tare da masu laifi an kori marasa laifi, waɗanda abokan hamayyarsu a ofis suka shigar da sunayensu.

Kafin wannan ma, hukumar da Janar Yakubu Gowon ya kafa a shekarar 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji ta ba da shawara a rahotonta na 1974 cewa a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, a kuma daina rahoton sirri da shugaba ke rubutawa a kan na ƙasa da shi ba tare da ya gani ba. Abin da aka fi tunawa da shi a yau shi ne ƙarin albashi da bashin baya da aka biya, har sunan Udoji ya zama tamkar sunan garaɓasa a bakin jama'a. Maganar awon aiki kuwa ta bi ruwa. A shekarar 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da doka mai lamba 43, wadda ta mayar da manyan sakatarori manyan daraktoci masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, ta kuma miƙa wa ma'aikatu ikon ƙarin girma mai yawa, duk da sunan ƙwarewa. Sakamakon shi ne siyasa ta shige aikin gwamnati har ɗaka, wanda ke da uwa a gindin murhu ya yi ta tsallake matakai. Kwamitin Allison Ayida da aka kafa a shekarar 1994 ya ba da shawarar a warware wannan tsari, aka kuma maido da muƙamin babban sakatare.

Wannan tarihi ne ya sa bai kamata a yi gaggawar ɗaukar masu kare daɗewa a aiki a matsayin ragwaye ba. Ma'aikacin Nijeriya ya ga sau da yawa yadda kalmar cancanta ke zama rigar da ake sa wa sanayya da ƙabilanci da ɗan ubangida. Ranar da mutum ya kama aiki kuwa tana rubuce a fayil, kowa na iya ƙirga shekarun da yatsunsa, kuma minista ko kwamishina ba ya iya sauya ta cikin sauƙi. Daɗewa ita ce ma'auni ɗaya tilo da ɗan talaka marar kowa a Abuja ko a gidan gwamnatin jiha zai iya dogara da shi. Akwai kuma gaskiya a zancen Hausawa cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba: sanin ƙa'idojin kuɗi, da sanin yadda aka taɓa yin wani kuskure a baya, da iya faɗa wa ɗan siyasa cewa doka ba ta yarda ba, abubuwa ne da ba a samun su a ɗakin jarrabawa.

Amma fa farashin wannan kariya yana da tsada, kuma talaka ne ke biya. Bisa ƙa'idojin da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ta daɗe tana aiki da su, jarrabawa ko ganawa na ɗaukar maki 70, rahoton aiki na shekara maki 20, daɗewa kuma maki 10 kacal. A takarda ke nan cancanta ce ke da rinjaye. A aikace kuwa, ma'aikaci ba ya ma samun damar zama jarrabawar sai ya cika shekara uku a kowane mataki daga na 7 zuwa na 14, da shekara huɗu a matakan da ke sama da haka. Mai digiri da ya fara a mataki na 8, ko da bai taɓa faɗuwa ba kuma bai taɓa rasa gurbi ba, zai shafe aƙalla shekara 26 kafin ya kai mataki na 17 na darakta, a aikin da ake yin ritaya da shekara 60 na haihuwa ko 35 na aiki. Haziƙi da rago duk gudu ɗaya suke yi. Shi kuwa rahoton shekara ya daɗe da zama wasan yara, domin shugaba ba ya so a ce shi ya toshe wa wani abinci, sai kusan kowa ya fito da yabo. Jarrabawar kanta tana auna haddar dokokin aiki da iya rubutu a yini guda, ba ta tambayar ko asibitin da mutum ya shugabanta yana da magani, ko fayil nawa ya sallama a bara.

Rigimar wa'adin daraktoci ta nuna yadda lamarin ke rikiɗewa da zarar an taɓa shi. A shekarar 2009 gwamnatin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, lokacin Stephen Oronsaye na shugaban ma'aikatan tarayya, ta ƙayyade wa manyan sakatarori wa'adin shekara huɗu da za a iya sabuntawa sau ɗaya, daraktoci kuma shekara takwas. Masu goyon baya suka ce wasu sun zauna a kujerar darakta shekara da shekaru, mataimakansu na tsufa suna ritaya a ƙarƙashinsu. Masu adawa, musamman daga Arewa, suka ce an shirya manufar ne domin a kakkaɓe jami'an yankin, waɗanda da yawansu suka kai manyan matakai da sauran ƙuruciya. Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta dakatar da tsarin a shekarar 2016, sannan aka dawo da shi a cikin sabbin dokokin aikin gwamnati da suka fara aiki a watan Yuli na shekarar 2023. Cikin shekaru 14 an sauya doka sau uku a kan makomar mutum ɗaya, kuma a kowane karo wani ɓangare na ganin an yi ne domin a cuce shi. A nan ma wa'adin bai bambanta darakta mai aiki da marar aiki ba. Agogo kawai ya duba.

Haka nan abin da ya faru a Jihar Kaduna a shekarar 2017, inda gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin dubu 33 sun kasa samun kashi 75 cikin ɗari a jarrabawar 'yan aji huɗu, ta kuma sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙasa ba ta fito ta ce a bar wanda bai iya karatu ba ya koyar da yara ba. Hujjarta ita ce gwamnatin jiha ba ita ke da hurumin gwada malamai ba, kuma ba a tsaya a kan makin da aka yi magana a kansa tun farko ba, har ta kai ga yajin aiki a watan Janairu na 2018. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, ya tabbatar da cewa asalin rikicin yana kan wanda ke riƙe da mudun da kuma ko an yarda da shi.

Bai kamata kuma a ce ɗora matashi a kan babban aiki baƙon abu ne a ƙasar Hausa ba. A shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ta ɗauki manufar cike guraben Turawa da 'yan Arewa, an zaɓo samari an horar da su a Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, aka damƙa musu gundumomi da ma'aikatu tun ba su yi gemu sosai ba. Aikin gwamnatin Jihar Arewa na wancan zamani har yau ana misali da shi wajen ɗa'a da riƙon amana. Abin da ya sa aka amince shi ne an san ta hanyar da aka zaɓe su, an horar da su kafin a ba su kujera, kuma akwai hukumar da ke sa ido a kansu.

Idan aka haɗa waɗannan duka, darasin Dubai da ya dace da ƙasa mai bin tsarin dimokuraɗiyya shi ne na shekarar 1997, lokacin da aka fara awo, da na 2019, lokacin da aka bayyana sakamakon awon kowa ya gani. Ziyarar ba-zata kowane gwamna na iya yin ta, an ma sha ganin gwamnoni sun kulle ƙofar sakatariya da ƙarfe takwas a gaban 'yan jarida, bayan mako guda komai ya koma yadda yake. Abin da ke da wuya shi ne a ce ofishin fasfo ko na fansho ko na filaye ya san kwana nawa aka ɗibar masa ya sallami mai bukata, a riƙa ƙirgawa, a riƙa bugawa a jarida, sannan wannan ƙirga ta bi shugaban ofishin zuwa gaban kwamitin ƙarin girma. Ofishin shugaban ma'aikatan tarayya ya fara maye gurbin tsohon rahoton shekara da sabon tsarin awon aiki a 'yan shekarun nan, kuma mataki ne mai kyau, amma idan har shugaba ne kaɗai zai ci gaba da ba yaransa maki a bayan ƙofa, to an sauya wa tuwo suna ne kawai.

Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a bar daɗewa ta zama sharaɗin shiga takara, sakamakon aiki kuma ya zama abin da ke raba gardama. A rage shekarun jira ga wanda alƙaluma suka nuna ya yi fice shekara bayan shekara, a kuma ƙayyade yawan masu irin wannan tsallake domin kada ƙofar ta zama ta 'yan lele. A bai wa kowane ɗan takara makinsa da na wanda aka fifita a kansa, tare da dalili a rubuce, da kuma damar ɗaukaka ƙara gaban wata hukuma da ba ta ƙarƙashin wanda ya yanke hukuncin, kafin a kai ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ga jami'in da ya tsufa a aiki amma ba shi da hannun shugabanci, a buɗe masa hanyar samun ƙarin albashi da daraja a matsayin ƙwararre mai ba da shawara, ba lallai sai an ba shi ma'aikata ya riƙe ba. Ƙa'idar raba daidai da sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada ba ta hana haka ba: idan gurbin babban sakatare na wata jiha ne, babu abin da ya hana a ba wanda ya fi kowa iya aiki daga cikin 'yan jihar. Sannan dole a riƙa biyan fansho da garatuti a kan kari, domin muddin ritaya na nufin shiga layin wahala, babu dattijon da zai bar kujera da son ransa.

Ƙungiyoyin ƙwadago su ma suna da nasu nauyin. Suna da 'yancin da takwarorinsu na Dubai ba su da shi, kuma zai fi musu amfani su zauna a tsara ma'aunin tare da su, su sa ido a kan yadda ake aiki da shi, maimakon su tsaya a kan cewa layi kaɗai ne adalci. Mahukunta kuma su sani cewa ma'aikaci ba zai saki abin da ya sani ya kama abin da bai gani ba, sai ranar da ya ga an auna ɗan minista da ɗan manomi da mudu ɗaya, aka kuma faɗi sakamakon a bainar jama'a.